Suna linzami: Darasi daga katakon gina benaye da ya daɗe yana jiran lambar Kwastam

A ranar 1 ga Janairun 2022 ne wayar da ke hannunka ta samu sunan kanta a littafin Kwastam na duniya. Tun 2007 ake sayar da iPhone, amma shekara da shekaru wayar zamani da ƙaramar waya mai madannai lamba ɗaya suke amsawa idan sun iso tashar jirgin ruwa. Sai a ranar aka ware wa wayar zamani tata: 8517.13.

A ranar dai, wani kaya da yawancinmu ba mu taɓa ɗora wa ido ba shi ma ya samu tasa lambar, 4418.82. Wani irin katako ne da ake gina benaye da shi, masu hawa goma har zuwa ashirin da wani abu. Magina sun fi saninsa da CLT. A nan zan kira shi katakon gicciye, saboda yadda ake haɗa shi. Jiran da ya yi ya fi na waya tsawo, domin tun a shekarun 1990 aka fara yin sa.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwana da lambar wani katako da ake yi a Turai? Ruwanka shi ne, hanyar da katakon nan ya bi ita kowane sabon kaya ke bi, injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana ne ko batirin babur mai lantarki.

A ganina, lambar Kwastam hukunci ce a kan wanda zai ci riba da wanda zai tafka asara. Don haka ya kamata ɗan kasuwa ya san ta tun kafin jirgi ya taso, kuma ƙasashen da Allah Ya hore wa dazuka su daina zura ido wasu na rubuta musu ita.

Mene ne katakon gicciye?

Duk wanda ya taɓa faskare ya san halin itace. Ka bi tsawonsa da gatari, nan da nan ya tsage. Ka sare shi a gicciye, sai ka yi gumi. Haka nan idan ya sha laima, ta faɗi ya fi kumbura.

Dabarar katakon gicciye ita ce toshe wannan rauni. Ana busar da falankai, a jera su gefe da gefe, a shafa gam, sannan a ɗora wani jeri a kai a gicciye, kamar yadda mai sayar da itacen girki ke tara kayansa: wannan layi ya kalli gabas, na samansa ya kalli kudu. Jeri uku ake yi, ko biyar, ko bakwai, sai a matse da inji.

Abin da ke fitowa katafaren allo ne, faɗinsa kusan mita 3, tsawonsa kan kai mita 16. Allo ɗaya na iya zama bangon ɗaki ko daɓen bene. Tun a masana'anta inji mai aiki da kwamfuta ke yanke gurbin ƙofa da taga da hanyar wayar lantarki. A wurin gini, injin ɗaga kaya ya sauke shi, kafintoci su ɗaure da dogayen sukurori.

Nauyinsa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na kankare mai girmansa ba. Kuma tunda sarrafa siminti shi kaɗai na fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke sakewa sama, ƙasashe da dama sun fara yi wa katako kallon abin da zai rage wannan nauyi.

A Ostiriya da Jamus aka fara shi. Wani injiniya mai suna Gerhard Schickhofer na Jami'ar Fasaha ta Graz ya yi digirinsa na uku a kan wannan fanni a 1994, kuma a 2019 aka ba shi lambar yabo ta Marcus Wallenberg a Suwidin saboda aikin.

Tun farkonsa kayan fatauci ne. Benen Stadthaus mai hawa tara da aka kammala a Landan a 2009, daga Ostiriya aka kai allunansa. Benen Forté mai hawa goma a birnin Melbourne na Ostireliya, wanda aka gama a 2012, alluna 759 aka ɗauko masa daga Ostiriya cikin kwantena 25. Benen Ascent mai hawa 25 a Milwaukee ta Amurka, da aka buɗe a 2022, shi ma daga can katakonsa ya fito, duk da dazukan da Amurka ke da su.

Kowace kwantena daga cikin waɗannan sai da ta tsaya gaban jami'in Kwastam, kuma tambayarsa ɗaya ce: wannan mene ne?

Littafin da duniya ke ciniki da shi

Amsar tambayar ba da baki ake bayarwa ba, da lamba ake bayarwa. Hukumar Kwastam ta Duniya da ke Brussels a Beljiyam ita ke riƙe da wani kundi na bai-ɗaya da ake kira HS, wanda ya fara aiki a 1988. Ƙasashe da yankuna sama da 200 na amfani da shi, kuma sama da kashi 98 cikin 100 na hajar da ke ƙetara iyaka da shi ake rarrabe ta.

Kowane kaya na da lamba mai alƙaluma shida. Biyun farko babi ne, kuma babi na 44 shi ne na itace. Biyu na tsakiya su nuna gida, biyun ƙarshe su nuna ɗaki. Waɗannan shidan iri ɗaya ne a Legas da Hamburg da Shanghai. Daga nan kowace ƙasa ko ƙungiyar ƙasashe kan ƙara nata alƙaluman a baya. Na ECOWAS goma ne.

Kundin bai faɗi nawa za a biya ba, kowace ƙasa ke yanke harajinta. Amma harajin a jikin lambar yake rataye. Haka takunkumi, haka lasisin shigo da kaya, haka ƙididdigar da gwamnati ke tsara manufa da ita. Bahaushe ya ce suna linzami, kuma a tashar jirgin ruwa wannan magana ba ta da kwana: inda lamba ta ja kaya, nan ya nufa.

Matsalar ita ce kusan duk bayan shekara biyar ake sabunta kundin. An yi a 1996, 2002, 2007, 2012, 2017 da 2022, na gaba kuma sai 2028. Masu ƙirƙira ba sa jiran wannan jadawali.

Kaya ɗaya, ƙofa huɗu

Kafin 2022, idan allon katakon gicciye ya iso tasha, akwai ƙofofi da dama da za a iya tura shi, kuma kowace da hujjarta.

Ta farko ita ce 4407, gidan katakon da aka yanka kawai, mai kaurin da ya wuce milimita 6. Da irin wannan falanki ake yin sa. Sai dai an manna shi, an matse shi, ya tashi daga falanki.

Ta biyu 4412, gidan filawud da danginsa. A ido, katakon gicciye kamar filawud ne da ya ƙoshi: jeri a kan jeri, a gicciye, da gam a tsakani. Amma filawud da siraran ɓawon itace ake yin sa, waɗanda kaurin kowane bai wuce milimita 6 ba, shi kuwa wannan da cikakkun falankai.

Ta uku 4418, gidan kayan kafintan gini, inda ƙofofi da tagogi da ginshiƙai suke. Allon da aka riga aka yanke wa gurbin taga ya dace da nan. To wanda ya zo sumul, ba a yanke masa komai ba fa?

Ta huɗu 4421, gidan "sauran kayan itace", inda ake jefa duk abin da aka rasa masa masauki, tare da abin rataye riga da tsinken sakace.

Akwai ma ta biyar a wajen babin gaba ɗaya. Idan allunan sun zo a matsayin cikakken gida da za a harhaɗa, da bangonsa da rufinsa, sai a duba 9406, gidan gine-ginen da aka ƙera a masana'anta. Ƙa'idar kundin ta ce kayan da ya zo a warware ana ɗaukar sa kamar an haɗa shi.

Jami'ai biyu masu gaskiya, kowanne da littafi a hannu, na iya duban allo ɗaya su ba da amsa biyu. Kuma inda doka ta bar gurbi irin wannan, wanda ba mai gaskiya ba ya samu kasuwa.

Inda lamba ke zama kuɗi

A Tarayyar Turai, falankin itace mai laushi na shiga ba haraji, filawud da danginsa kuwa na biyan tsakanin kashi 6 zuwa 10 cikin 100. Ga ɗan kwangilar da ya riga ya sa hannu kan farashin gini, wannan tazara na iya cinye ribarsa kaf.

A Arewacin Amurka abin ya fi haka zafi. Tun 1982 Amurka da Kanada ke taƙaddama kan falankin itace mai laushi. Amurka na zargin lardunan Kanada da sayar wa kamfanoni itatuwan dazukan gwamnati da araha. Yarjejeniyar da suka ƙulla a 2006 ta ƙare a 2015, harajin ladabtarwa ya dawo a 2017, kuma a Agustan 2025 ya haura kashi 35 cikin 100. Falanki ne abin harin. Saboda haka duk kayan da aka ƙera daga falanki, tambayar ko har yanzu falanki ne ko ya zama wani abu dabam tambaya ce ta miliyoyin daloli.

Mu ma mun ɗanɗani irin wannan. A Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya fitar da jerin kayayyaki 41 da ya hana wa dalar gwamnati. A cikinsu akwai filawud, da allunan garin katako, da ƙofofin itace, har da tsinken sakace. Sai a Oktoban 2023 aka ɗage wannan hani. A tsawon shekarun nan takwas, da wani magini ya yi odar katakon gicciye, samun dalarsa a banki ko komawarsa kasuwar bayan fage ya rataya ne a kan ko an kira kayansa filawud ko ba a kira ba.

Harajin bai-ɗaya na ECOWAS, wanda ya fara aiki a 2015, mataki biyar ne: sifili, 5, 10, 20 da 35 cikin 100. A ƙaddara kaya ne na dala 500,000. A matakin kashi 5, haraji dala 25,000 ne. A matakin kashi 20, dala 100,000. Tsakanin amsa biyun akwai dala 75,000, ban da kuɗin kwanan kwantena da ke hauhawa kullum yayin da ake gardama. Ƙarshenta mai sayen gida ko mai haya ne zai biya.

Abin da 2022 ta gyara

Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, wadda ke tattara alƙaluman dazuka na duniya, tana cikin waɗanda suka kai buƙatar a ware wa sabbin kayan itacen gini lambobinsu. Dalilinta mai sauƙi ne: kayan da aka cusa cikin "sauran" ba ya ƙirguwa. Ba wanda zai iya faɗin nawa aka fitar, daga ina, zuwa ina.

A Yunin 2019 majalisar hukumar da ke Brussels ta amince da gyare-gyaren, suka fara aiki a farkon 2022. An buɗe ɗakuna huɗu a gidan 4418: lamba 4418.81 ga ginshiƙan da aka manna falankansu a miƙe, 4418.82 ga katakon gicciye, 4418.83 ga wani nau'in azarar zamani, sai 4418.89 ga sauran. An kuma fayyace abin da ya raba shi da filawud: aƙalla jeri uku, na cikakken katako mai kaurin da ya wuce milimita 6.

Wannan ci gaba ne, kuma ya cancanci yabo. Amma daga 1994 zuwa 2022 shekara 28 ke nan. An gina benaye a nahiyoyi uku, an kafa masana'antu, har dokar gini ta Amurka ta amince da katakon a 2015, alhali littafin cinikin duniya bai san sunansa ba.

Hujjar masu cewa a bi a hankali

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin suna da abin faɗi.

Na farko, suna cewa jinkirin nan shi ne kariyar kundin. Yarjejeniyoyin ciniki da jadawalin haraji da manhajojin Kwastam na ƙasashe sama da 200 duk a kansa aka gina su. Da za a riƙa taɓa shi kowace shekara, ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne za su fara faɗuwa, tunda ko a yanzu wasu kan yi shekaru suna aiki da tsohon bugu. Shi ya sa gyara ke buƙatar rinjayen kashi biyu cikin uku a kwamiti, kuma ƙasa ɗaya tak na iya tsayar da shi idan ta ƙi.

Na biyu, ba kowane sabon abu ne ke ɗorewa ba. Bisa al'ada sai cinikin kaya ya kai wajen dala miliyan 50 a shekara kafin a ga ya cancanci ɗakin kansa.

Na uku, samun suna na da nasa haɗarin. Kayan da ke ɓoye cikin "sauran" da wuya a yi masa haraji shi kaɗai. Ranar da ya samu lamba, ya zama abin da kowace gwamnati za ta iya nuna wa yatsa.

Na yarda da na farko da na biyu. Na uku kuwa hujja ce ta wanda ke cin moriyar duhu, kuma ƙaramin ɗan kasuwa ba ya cikin masu cin wannan moriya. Babban kamfani na da lauyoyin da za su nemo masa ƙofa mafi araha. Mai kwantena ɗaya sai abin da aka ce masa a tasha.

Kuma yarda da cewa kundin duniya sai a hankali ba ta wanke kowace ƙasa ba. Alƙaluma shida ne kawai na Brussels. Sauran na gida ne, ba sai an jira kowa ba kafin a raba su.

Abin da lamba ba ta iya yi

Kada a ɗora wa lamba abin da ya fi ƙarfinta. 4418.82 ba ta ce allon zai ɗauki bene ba, ba ta ce gam ɗinsa zai jure zafi ba. Wannan aikin ma'aunin inganci ne, irin EN 16351 na Turai da PRG 320 na Amurka da Kanada. Katako mai kauri na ƙonewa a hankali, ƙasa da milimita ɗaya a minti, domin gawayin da ya yi a waje na kare cikinsa. Amma wannan sai an yi shi bisa ƙa'ida kuma an gwada.

Lamba ba ta kuma faɗin dajin da aka saro itacen. A 2022 Tarayyar Turai ta haramta shigo da kayan itace daga Rasha saboda yaƙin Yukiren. Ba a jima ba filawud ya fara kwararowa daga Kazakistan da Turkiyya, har a 2024 Tarayyar ta faɗaɗa harajin da ta sa wa na Rasha ya haɗa da ƙasashen biyu. Lambar kayan daidai take, asalinsa ne aka sauya wa riga.

Sannan ba ina tallar katakon gicciye ga maginin Kano ko Maraɗi ba ne. Yankin da ke fama da kwararowar hamada, ga gara, ga tsadar dala, yana da tambayoyi da yawa da zai yi kafin ya rungumi bangon katako. Abin da ya shafe mu kai-tsaye yana wani wuri.

Mai itace da mai gam

Dubi yadda babi na 44 ya jeru, tamkar tsani. A ƙasa akwai 4403, gungume. Sama da shi 4407, falanki. Sai 4412, filawud. Sai 4418, kayan gini da aka gama. Kowane mataki ƙarin aiki ne, ƙarin albashi, ƙarin riba. Ƙasashe masu masana'antu sun daɗe da dabarar barin ɗanyen kaya ya shigo kyauta, su ɗora haraji a kan wanda aka sarrafa. Da haka aikin yi ke zama a wajensu.

Ostiriya ƙasa ce mai mutum kusan miliyan tara, kuma ko gaɓar teku ba ta da ita. Amma tana saman tsanin, tana sayar wa Landan da Melbourne bango da daɓe.

Mu kuwa mun ga ƙasan tsanin da idonmu. Shekarun baya aka yi wa itacen madobiya wawaso a Taraba da maƙwabtanta, ana loda shi zuwa Chaina inda ake kujeru da gadaje masu tsada da shi. Katako ɗanye ko yankakke ya daɗe a jerin kayan da Najeriya ta hana fitarwa. Sai aka riƙa sassaƙe gefen gungume huɗu a ce an sarrafa shi, alhali kundin da kansa ya ce gungumen da aka yi wa irin wannan sassaƙa yana nan a 4403. A 2017 madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. Daji ya tafi, masana'anta ba ta zo ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Gabon ta ɗauki wata hanya. A 2010 ta hana fitar da gungume, ta buɗe yankin masana'antu a Nkok, yau tana cikin manyan masu fitar da siraran ɓawon itacen da ake filawud da su. Afirka ta Kudu kuma ta fara yin katakon gicciye da itatuwan da ta shuka da hannunta. Hawa tsanin mai yiwuwa ne.

A yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda aka buɗe a Janairun 2021, ɗaya daga cikin ma'aunan gane cewa kaya ɗan Afirka ne shi ne a ga sarrafawar da aka yi masa ta fitar da shi daga wata lamba zuwa wata. Wanda bai iya karanta lambobin ba, ba zai san ko kayansa ya cancanci sassaucin ba.

Tun ran gini, ran zane

Maganin gardamar tasha sananne ne. Ana kiran sa hukuncin-gaba: ɗan kasuwa ya kai wa Kwastam bayanin kayansa tun kafin ya yi oda, a ba shi lamba a rubuce, kuma rubutun ya ɗaure hukumar. A Tarayyar Turai irin wannan takarda na aiki shekara uku a duk ƙasashe 27. Amurka na wallafa nata hukunce-hukuncen a intanet, kowa ya duba kyauta. Yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta fara aiki a 2017 kuma Najeriya ta sa mata hannu, ta tanadi haka a sashe na uku. A Mayun 2024 Hukumar Kwastam ta Najeriya ta ƙaddamar da nata tsarin.

Saura aiki da shi. Shawarata huɗu ce.

Ga ɗan kasuwa: kada ka biya kuɗin sabon kaya sai ka san lambarsa a rubuce. Lambar da mai sayarwa ya sa a takardarsa ra'ayinsa ne, ba ta ɗaure jami'in da ke Apapa ko Onne ba. Maganar ejan cewa "za mu san yadda za a yi" ita ma ba takarda ba ce.

Ga Hukumar Kwastam: a wallafa kowane hukunci a fili, a cire sirrin kasuwancin mai shi, yadda wanda ke Kantin Kwari zai duba a wayarsa ya ga abin da aka yanke wa irin kayansa. A yi bayanin tsarin da harsunan da 'yan kasuwa ke ciniki da su. Hukuncin da mutum ɗaya kaɗai ya sani alfarma ce, wanda kowa ya sani shi ne doka.

Ga ECOWAS: a yi amfani da alƙaluma huɗun da ke hannunmu. Idan sabon kaya ya fara shigowa, a buɗe masa layi, a ƙirga shi, a yanke masa haraji da gangan bayan an auna ko muna son mu saya ne ko mu ƙera.

Ga wakilanmu a Brussels: a je da buƙata a rubuce, da alƙaluma. Acca ta samu lambarta, 1008.40, a bugun 2012, domin an samu masu kai maganarta. Ridi na da tasa, ƙaro na da tasa. Zoɓorodo kuwa, da ake lodi daga Jigawa da Kano zuwa Meziko, har yanzu a cikin "sauran" tsirrai yake kwana. A Yunin 2025 aka zaɓi shugaban Kwastam na Najeriya, Bashir Adewale Adeniyi, ya jagoranci majalisar hukumar ta duniya, karon farko ga ɗan Najeriya. Kujerar ba ta ba shi ikon rubuta kundin shi kaɗai ba, amma ta kawar da uzurin cewa ba a jin muryarmu.

Katakon gicciye ya samu sunansa ne saboda akwai masana'antu da jami'o'i da hukumomin da suka tsaya masa, suka tara hujja, suka bi layi har aka kai. An riga an rufe bugun 2028. Wanda zai biyo bayansa yanzu ake tattara buƙatunsa, kuma duk ƙasar da ba ta kai tata ba, sai ta sake jiran wasu shekarun tana biyan haraji da sunan da wani ya raɗa wa kayanta.